Giwar Siminti a Ƙofar Jami'a

Da hoton kunkuru rigimar ta fara.

Mu 'yan aji ɗaya ne, shekararmu 20 ke nan da gama jami'a, kuma muna da zaure a WhatsApp inda ake sanar da suna da ɗaurin aure da rasuwa, a tsokani juna, a yi karo-karo idan wani ya shiga wani hali. Bana aka ce bai kamata shekara 20 ta wuce haka siddan ba, mu bar wa makarantar wani abu da sunan ajinmu. Aka buɗe asusu, kuɗi suka taru daidai gwargwado. Da aka zo kan me za a yi da su, sai wani abokinmu da ke zaune a Amurka ya turo hoton wani kunkurun tagulla a kan dakali, a gaban ɗakin karatu, hancinsa na ƙyalli kamar tukunyar amarya. Ya ce ku ga yadda ake yi a inda aka ci gaba. Mu ma mu sa a ƙera mana giwa a girke ta a bakin ƙofa, tunda duk Najeriya an san Bauchi da giwa.

Ko minti biyar ba a yi ba wani ya rubuto: "Subhanallahi! Gunki za mu kafa da guminmu?" Mai shawara ya ce a'a, ba gunki ba ne, mutum-mutumi ne. A kan kalmomin nan biyu aka kwana uku ana ɗauki ba daɗi. Aka kira wani ɗan boko aƙida, shi ma ya rama da abin da ba zan maimaita a nan ba. Mutum biyu suka fice daga zauren, ma'aji ya ce duk mai son kuɗinsa ya turo lambar asusu.

Ina cikin waɗanda suka ce kada a yi giwar, kuma har gobe ina kan bakana. Sai dai ban ji daɗin yadda muka ci nasarar ba. Mun ce a'a, muka kakkaɓe riga, muka koma hirar siyasa kamar magana ta ƙare. Alhali abin da ya sa abokin namu ya turo hoton kunkuru yana nan daram, kuma gaskiya ne. Yaro zai shiga jami'a a nan yankinmu, ya yi shekara huɗu ko biyar ya fita, in ka tambaye shi wane abu guda ne ya haɗa shi da wanda ya riga shi da shekara goma da kuma wanda zai biyo bayansa, sai ya yi jim, daga nan ya ce maka layin rajista.

Bari in fara yi wa kunkurun adalci, don na bi diddigin labarinsa. Sunansa Testudo, na Jami'ar Maryland ne. Ɗaliban da suka gama a 1933 ne suka haɗa kuɗi aka zuba shi da tagulla suka bar wa makarantar, daidai irin abin da muke son yi. Kunkurun kuwa irin wanda ake samu a gaɓar ruwan jiharsu ne, wato ɗan gida suka zaɓa. A 1947 ɗaliban Johns Hopkins, abokan hamayyarsu a fagen wasa, suka sace shi, sai da aka kai ruwa rana kafin ya dawo, daga baya aka ɗura masa siminti a ciki don kada a sake sungumarsa. Ƙyallin hancin nan ba aikin ma'aikacin goge-goge ba ne. Hannun ɗalibai ne, kowa ya zo wucewa sai ya shafa don neman sa'a. Idan jarrabawa ta matso har abinci da kofi da tarkace iri-iri suke jibge masa a gaba.

Ba su kaɗai ba ne. A Texas A&M ɗalibai na zube kwabbai a ƙafar mutum-mutumin wani tsohon shugaban jami'ar mai suna Sul Ross kafin su shiga jarrabawa. A Penn State akwai zakin dutse da aka ƙaddamar a 1942, kyautar 'yan ajin 1940, wanda ɗalibai ke taruwa su yi gadinsa a makon da tsofaffin ɗalibai ke dawowa ziyara. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne na Harvard, da aka yi a 1884, wanda baƙi ke shafa wa takalmin hagu. Su da kansu suna kiransa mutum-mutumin ƙarya uku. Fuskar ba ta John Harvard ba ce, don ba wanda ya san kamanninsa, wani ɗalibi aka zaunar aka kwaikwaya. An rubuta cewa shi ya kafa makarantar, alhali dukiya da littattafai ya bar mata. An rubuta 1638, makarantar kuwa a 1636 aka kafa ta. Duk da haka takalmin ya sha shafa har ya yi fes.

Wannan na ƙarshen ya buɗe mini ido. Idan mutane za su riƙe abin da suka san ƙarya uku ce a jikinsa, to ashe ba surar ce ta dame su ba. Abin da ke riƙe da su shi ne ɗalibai ne suka bayar, yana kan hanyar da kowa ke bi kullum, akwai lokacin da aka sani a shekara da ake taruwa a wurinsa, kuma ɗan aji huɗu ne ke kama hannun sabon shiga ya ce masa ga yadda muke yi a nan. Tagullar ita ce mafi arha a cikin kayan. Mu kuma ita kaɗai muke son saye, don ita ce ke fitowa a hoto.

Abokin namu ya yi ta cewa ai ba wanda ke bauta wa kunkuru, wasa ne kawai. Na yarda da shi, ɗan Maryland ba ya yi wa kunkuru sujada. Amma kalmar da Turawa ke kiran irin wannan dabbar tambari da ita, maskot, daga Faransanci ta fito, kuma tushenta yana komawa ne ga laya da abin tsafi mai jawo sa'a. Mu kuwa ba baƙin wannan hanya ba ne da za a yi mana lacca. Kakanninmu sun yi kan gida, inda zuri'a guda ke riƙe maciji ko wata dabba a matsayin tata, ba ta kashewa ba ta ci. Labarin Tsumburbura a gindin Dala da macijin rijiyar Kusugu a Daura kowane ɗan firamare ya san su. Mun san abin, mun zauna da shi, da gangan muka bar shi. Wanda ya ce gunki a zauren nan ba jahilci ne ya sa shi magana ba.

Akwai ruwayar da Bukhari ya kawo daga Ibn Abbas game da sunayen nan biyar na cikin Suratu Nuh, wato Wadd da Suwa da Yagusa da Ya'uƙa da Nasra. Mutanen kirki ne. Da suka rasu aka kafa musu alamomi a wuraren zamansu don tunawa, ba a bauta musu ba, sai da masu kafawar suka shuɗe, aka manta dalili, sannan bautar ta shigo. Ko ka ajiye batun imani gefe, ruwayar ta san halin ɗan Adam: mai kafawa yana sane da cewa wasa yake, jikansa ne bai sani ba. Haka ma lokacin da wasu sababbin musulunta a hanyar Hunaini suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ware musu bishiyar rataya makamai irin ta mushirikai, Zatu Anwaɗ, bai ɗauki roƙon a matsayin ƙaramin abu ba.

Ni ba sai an kai ni nesa ba. Ina aji biyu na ci wata muguwar jarrabawar lissafi da wani biro mai shuɗin murfi, daga ranar ban sake shiga jarrabawa ba tare da shi ba. Tawadarsa ta ƙare, na riƙa sa shi a aljihu ina rubutu da wani. Ina sallah, ina azumin Litinin da Alhamis a lokacin, na kuma san sarai camfi ne. Ranar da ya ɓace sai da cikina ya ɗuri ruwa. To ka ɗauki yaron da ke da keri-oba biyu a wuya, wato darussan da ya faɗi zai maimaita, wanda mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya biya masa rajista, ya kwana a aji yana karatu har asuba, ka ajiye masa giwa a kan hanyarsa ta zuwa ɗakin jarrabawa, sannan ka ce kada ya taɓa haurenta. Shekarar farko da dariya za a riƙa shafawa. Ina so in ga wanda zai rantse mini a kan shekara ta goma.

An jefo mana hujjar da ba ta da sauƙin turewa, dole in faɗe ta. Aka ce ga ƙungiyarmu ta ƙwallon ƙafa, Wikki Tourists, ana yi mata kirari da giwa, ba wanda ya ce shirka ce. Ga mikiya da dawakai a tambarin Najeriya. Ga fuskar Sa Abubakar Tafawa Balewa a takardar naira biyar, da ita muke shiga masallaci. Duk haka ne. Amma malamanmu na Malikiyya tun da daɗewa sun raba tsakanin zane a kan takarda ko tufa da kuma cikakkiyar sura mai inuwa ta abu mai rai. Na farko akwai sassauci da saɓani, ta biyun ita ce aka tsananta a kai. Kuma ba wanda ke shafa naira biyar don ya ci jarrabawa, sai dai ya sayi ruwan leda, in ma tana saye yanzu.

Hujjar da ta fi zama mini a rai ba daga wajen malamai ta zo ba. Wata 'yar ajinmu ce, Kirista, mutuniyar ƙasar Tangale, ta rubuto mini a gefe. Ta ce ita giwa ba ta taɓa mata addini ko kaɗan, a majami'u da yawa ma akwai surori. Abin da take tsoro shi ne daren da wani zai zo ya karya mata haure. Ta ce kafin gari ya waye an riga an yanke hukuncin ɓangaren da ya yi, ko da kuwa iska ce ta kayar da reshe a kai. Mu da muka yi zaman Bauchi mun san yadda magana ƙanƙanuwa ke rikiɗewa ta zama dokar hana fita. Alamar da aka kafa don ta haɗa kai, in rabin ɗalibai na kauce wa inuwarta, ta riga ta faɗi jarrabawarta tun ranar buɗewa.

Wani ya ce to a bar dabba, a yi surar wani babban mutum. Wannan ya fi muni. A 2015 Jami'ar Cape Town ta sauke mutum-mutumin Cecil Rhodes bayan zanga-zangar ɗalibai. A 2018 Jami'ar Ghana ta cire na Gandhi, shekara biyu kacal da kafa shi. Mutum yana da tarihi, tarihi kuma ana sake karanta shi.

Nan na rabu da 'yan ɓangarena. Mun iya hanawa, wannan kam ba a fi mu ba. Me muka ba yaran a madadin abin da muka hana?

Bara 'yar yayata ta gama digiri. Ranar jarrabawar ƙarshe ta dawo gida da farar riga a hannu, an cika ta da rubutu ba masaka tsinke, ja da baƙi da kore. Uwarta ta hau faɗa, ta ce wannan wace irin bidi'a ce, a bar maza suna yi wa 'ya mace rubutu a jiki. Aka kira ni in yi mata nasiha. Na same ta a tsakar gida ta shimfiɗa rigar a kan tabarma tana karantawa.

Ta ce, "Kawu, wallahi ban sa ta ba. A hannu na riƙe, kowa ya rubuta."

Na ce to mene ne amfaninta, tunda takardar shaida na nan zuwa?

Ta ce, "Kawu, takardar sunana kaɗai ne a jiki. Shekara shida na yi a karatun shekara huɗu, tare da mutanen nan muka sha yajin aiki, tare muka yi zaman korona. Wata daga Kaltungo take, wata daga Azare, wani daga Jos. Wasunsu har in mutu ba zan sake ganinsu ba. In ban da rigar nan, me zan nuna?"

Nasihar ba ta yiwu ba. Na koma na ce wa Adda ta bar yarinya da rigarta.

Wannan sayin-awut ɗin, kamar yadda suke kiransa, ba wata hukuma ce ta ƙirƙiro shi ba. Yaran ne da kansu suka ji akwai gurbi suka cike shi da abin da suka samu. Ba na musun cewa ana wuce gona da iri: tseren motoci a cikin makaranta, watsa ruwa da abin da ya fi ruwa, liƙin kuɗi, rubutun rashin kunya a ƙirjin 'yan mata. Shi ya sa wasu jami'o'in ƙasar nan suka hana shi ɗungurungum. Hanawa takarda ɗaya ce a allon sanarwa. Gyarawa ita ce ke buƙatar babba ya zauna da yara ya ce ga wuri, ga lokaci, ga iyaka, ni ma zan zo in sa hannu.

Abin haushin shi ne gidanmu ne ya fi kowa sanin yadda ake wannan. Duk wanda ya ga saukar Alƙur'ani irin ta da, ya san ba mu rasa dabara ba. Ana yi wa mai sauka allon zayyana, gwani ya zauna ya ƙawata shi da launuka, ba surar mutum ba ta dabba. Yaro ya yi ado, ya ɗauki allonsa, abokan karatunsa na biye, a bi gidajen dangi, ya karanta, a sa masa albarka, a ba shi abin da ya sawwaƙa, a yi yanka a ci. Akwai abin riƙewa a hannu, akwai rana, akwai shaidu, kuma ƙanensa da ke kallo ya san wata rana shi ne. Duk abin da kunkurun Maryland ke yi wa ɗalibansa, allon nan yana yi, har da ƙari. Farar rigar 'yar yayata jikanyar allon zayyana ce da ta tashi ba mai kula da tarbiyyarta.

Kuma mu mutane ne da ke ajiye alama a baki. Ana ce wa Kano tumbin giwa shekara aru-aru, ba wanda ya taɓa jin bukatar sassaƙa tumbin ya kafa a Ƙofar Mata. Ka ce "Sai Masu Gida" a filin wasa ka ga yadda dubban mutane ke zama mutum ɗaya. Ka ce Bauchin Yakubu a tashar mota a Legas, wani zai waiwayo. Jami'ar Bayero aya ta ɗauka daga Suratu Yusuf ta yi take da ita, wadda ke cewa a saman kowane mai ilmi akwai Masani. Ko a Nsukka, inda zaki ke tambarin jami'a, abin da ke bin ɗalibi har tsufansa shi ne sunan, su kira junansu zakuna da zakanya a duk inda suka haɗu. In giwa muke so, mu ɗauke ta a kirari da taken wasanni da rigar 'yan ƙwallo, ba ta buƙatar buhun siminti ko ɗaya.

Amma kada mu yaudari kanmu cewa rashin tunani ne kaɗai ya hana al'ada kama ƙasa a jami'o'inmu. Al'ada da kalanda take rayuwa. Hawan sallah ya ɗore ne don kowa ya san ranarsa, mai doki ya san lokacin da zai fara gyaran sirdi. A 2020 yajin aikin malaman jami'o'i ya ɗauki kusan wata tara, a 2022 wata takwas. Zangon da ya kamata ya ƙare da damina sai ya faɗa cikin hunturu. Bikin yaye ɗalibai a wurare da yawa sai an tara aji biyu ko uku ko fiye a yi musu a haɗe, lokacin wasu sun yi aure, wasu sun bar ƙasar, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ɗalibai da yawa ba sa kwana a cikin makaranta, suna haya a unguwanni, a gama lacca kowa ya hau keke napep ya kama gabansa. Tsohon ɗalibi kuma ba ya komawa sai in takarda yake nema. A irin wannan yanayi ko giwar zinariya ka kafa, shekara uku za ta zama allon manna fastar 'yan takarar ƙungiyar ɗalibai, haure ɗaya a karye, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta. Duk mun ga yadda kayan adon shataletale ke ƙarewa.

Ga wanda ke ganin ba a iya gina abin tunawa mai ratsa jiki sai da sura, ina gayyatarsa ya zo cikin garin nan ya shiga hubbaren Tafawa Balewa, wanda aka buɗe a 1979. Na san akwai magana a kan gini a wurin kabari, ba ita nake ba yanzu, dabarar maginin nake so a duba. Da ka shiga duhu ne ke tarbarka, wata doguwar hanya da sai ka rage sauri kana lalube. Can sai haske ya fara tsattsafowa. Kana tafe kana hawa, har ka fito fili, sama a buɗe, kabarin na nan ba rufi a kansa. Masu yi wa baƙi jagora za su gaya maka duhun mulkin mallaka ne, hasken kuma 'yanci. Ko ba a gaya maka ba ƙafarka da idonka sun riga sun ji. Na kai yarana, ƙaramin da ya shiga yana surutu ya fito shiru. Firayim Ministan farko kuma na ƙarshe da ƙasar nan ta yi, wanda aka kashe a Janairun 1966, an tuna da shi da duhu da haske da bango, kuma Musulmi da Kirista duk suna shiga ba wanda ke jin an ture shi. Muna da wannan a cikin gari, muna kuma da ɗalibai masu karanta zanen gine-gine a jami'ar da ke ɗauke da sunansa. Ban ga dalilin da zai sa mu tafi Maryland aron kunkuru ba.

Sannan akwai abin kunyar da na faɗa a zauren aka yi shiru. Na tambaya, a cikinmu mu nawa ne suka taɓa ganin giwa da idonsu? Hannu bai kai biyar ba, har da mai shawarar, shi kuma a gidan namun daji na Amurka ya gan ta. Yankari tafiyar kamar awa biyu ce daga Bauchi. Tun 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe wa jama'a a 1962. Ruwan Wikki na nan da ɗuminsa na digiri 31 rani da damina. Garken giwayen dajin na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya, kuma ƙiyasin masu kula da su bai kai 200 ba. Mafarautan haure na bibiyarsu, su ma suna fita su tattake gonakin ƙauyukan gefe, manomi ya kwana yana kuka. Wato giwa mai numfashi tana can tana ƙarewa, mu muna nan muna faɗa a kan ta siminti.

Shawarar da na kai wa zauren kashi biyu ce. Na farko, a ware wani abu daga kuɗin, duk shekara da rani a ɗauki mota a kai sababbin ɗalibai Yankari, 'yan ajin ƙarshe su yi musu rakiya. Ba kowa zai samu ba, kuma ba kullum ake dace da ganin giwa ba, wani zubin sai kashinta da birai masu ƙwacen abinci. Ba laifi. Wanda ya gani zai yi shekara huɗu yana yi wa wanda bai gani ba gori, daga irin wannan gorin ne al'ada ke tsirowa.

Na biyu, a nemi fili a kan hanyar da ɗalibai suka fi bi, a kai famfo, a yi dakalin zama, ajinmu ya dasa bishiya da ɗan allon ƙarfe mai shekararmu. Duk ajin da zai fita ya dasa tasa a jere, ranar jarrabawar ƙarshe, a nan za a yi rubutun riga a gaban malamai da iyaye, kuma sababbin shiga ne za su gaji ban ruwa har su ma su kai ga dasa tasu. Da wani mai yin surori ya je wa Ibn Abbas yana kukan sana'arsa, cewa ya yi da shi in dole ne ya yi bishiya da abin da ba shi da rai. Mu ba ma sai mun zana ba, dasawa za mu yi. Wanda ya san zafin Afrilu a Bauchi, ya kuma taɓa yawo da bokiti yana neman ruwan alwala a makaranta, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ma'aji ya ce ya ji, amma wa zai hana awaki? Aka ce a yi keji. Wa zai biya mai gyaran famfo bayan mun watse? Aka ce a bar kaso a asusu, shekara-shekara a ƙara. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fice aka lallaso shi ya dawo. Na ɗauka an gama, ashe saura zaɓen bishiya.

Na ce kuka, don tana daɗewa fiye da duk wanda ke zauren da jikokinsa. Mutumin nan da ya fara cewa gunki ya ce bai yarda ba, kowa ya san abin da ake cewa yana zama a kogon kuka. Wata ta ce tsamiya, aka ce ai gara kukar, tsamiya ita ce babban masaukinsu, shekara biyar za ka ga an fara ɗaura mata ƙyalle. Darbejiya kuma aka ce ta yi yawa, ba wanda zai bambanta tamu da ta bakin titi. Mai kunkuru ya turo fuskar dariya har guda goma daga Amurka, ya ce ashe bishiyar ma ba ta tsira ba.

A kan mangwaro aka tsaya. Wani ya yi ƙorafin cewa ɗalibai ba za su taɓa bari ya nuna ba, tun yana ɗanye za su far masa da jifa. Ma'aji ya ce shi ma abin da ya yi ke nan shekara biyar a bayan ɗakin kwanansu, kuma in ban da wannan ba ya tuna komai na makarantar. Ya ce a kawo farashin dashe guda goma da waya ta keji kafin Juma'a.